Bayan Isha'i a Rafukka

Wata uku Hindatu tana mulki a ɗakinmu.
Rana ta mai da ita dare,
daren kuwa ta buɗe shi kamar kasuwar Ajiwa.
Ni tela ne a Ƙofar Guga;
ranar nan, don gyangyaɗi, na ɗinke wa mutum bakin aljihu,
ya zo karɓa, ya rasa inda zai sa hannu.

Shafa'atu ta ce, "A haka ba za mu kai labari ba."
Gwaggo Indo tana tsinkar zogale, ko kai ba ta ɗaga ba:
"Jinjiri ai ɗan akuya ne,
nuna masa turke da magariba kullum,
wata rana shi zai kai kansa."

Sai muka auna dare kamar yadda nake auna yadi.

Da liman ya sallame isha'i,
ruwa a shuɗiyar roba,
in tsoma gwiwar hannu in ji ɗuminsa.
Ita ke riƙe ƙeya, ni ke zubawa,
kaɗan kaɗan, kamar mai ban ruwa ga dashen tumatir.
Sai man kaɗanya a tafin hannu har ya narke,
daga cinya zuwa diddige,
yatsu goma, kowanne da gaisuwarsa.
Rigar barcin ragowar ƙyalle ce daga shagona,
hannu ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo,
ba wanda ya kai ƙara.

Nono a wurin uwa,
gyatsa a kafaɗata.
Mu kashe ƙwai, in masu wuta ba su riga mu ba,
mu juya fitila ta fuskanci bango.
Waya a kife.
In tofa mata addu'a a goshi,
a saki gidan sauro.

Daren farko ta yi kuka
har Lawandi mai shayi ya kwashe bencinsa.
Dare na uku baƙi suka zo daga Mashi,
aka yi ta miƙa ta hannu zuwa hannu kamar ƙwaryar fura,
wa zai ce wa surukai lokaci ya yi?
Na biyar janaretan Malam Sada ya tashi da tari.
Na shida ni ne na karya doka,
na ɗauke ta ina zagaya tsakar gida
ina nuna mata wata, ita tana nuna mini maƙogwaro.
Na ce, "Maganar Gwaggo ta akuya ce kawai."
Shafa'atu ba ta amsa ba.
Washegari ta sake ɗora ruwa.

Ban san wane dare ba ne, na daina ƙirga.
Ruwa ya faɗa cikin roba, ya yi ƙararsa,
sai Hindatu ta buɗe bakin nan marar haƙori
ta yi hamma,
doguwa, har da ɗan hawaye a gefen ido.
Muka dubi juna, ba mai motsi,
kamar tsuntsu ya sauka a tabarmarmu.

Yanzu na shafa wa ƙyauren ɗaki man gyaɗa don kada ya yi tsegumi.
Tuwonmu ya kan huce kafin mu zauna,
mu ci da raɗa,
ludayi ba ya taɓa gindin kwano.
Na koyi yin atishawa a cikin hula.

Har yau ta kan farka ƙarfe biyu,
ai ba da ita aka yi yarjejeniyar ba.
Uwarta ta ba ta a cikin duhu, ba hira, ba fitila,
ta koma.

Jiya a shago yarona ya zuba ruwa a bokiti.
Ina kan keke, rana tsaka,
sai ga ni ina hamma.